Koyar da Sanin Makamashi da Tattalinsa a Makarantun Ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Kowace safiya, tun kafin rana ta ɗaga, akan ga hayaƙi yana tashi daga gidajen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu. Mata ne suka hura wuta za su ɗumama tuwo ko su dama koko. Yaron da ya sha kokon nan ya ɗauki littattafansa ya nufi makaranta, watakila ran nan malaminsu zai karanta musu darasi a kan makamashi daga wani littafi da aka rubuta da Turanci, mai cike da hotunan injuna waɗanda yaron bai taɓa gani ba. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya koma gida, amma ko kusa bai gane cewa abin da aka karanta masa shi ne abin da uwarsa ta yi a gindin murhu da asuba ba. Wannan takarda ta duba yadda za a haɗa darasin aji da murhun gida, ta fara da kalmomin da Hausa take da su, sa'an nan ta bi ta kan irin makamashin da ke ƙasar, da hanyoyin tattalinsa, da waɗanda za su iya maye gurbin masu ƙarewa.

Kalmar da ma'anarta

Kalmar makamashi tsohuwa ce a Hausa. Tushenta shi ne kama, kamar yadda akan ce wuta ta kama, ko a kamas da wuta. An yi mata ɗafin ma- a gaba da -i a baya, yadda aka gina mabuɗi daga buɗe, da magirbi daga girbe, sa'an nan s ta koma sh saboda wasalin i da ya biyo ta, kamar yadda fasa take ba da fashi. Watau ma'anarta ta asali ita ce abin da ake kamas da wuta da shi: itace, da ƙirare, da kara, da gawayi, da kandilo.

To, a zamanin nan an ɗora wa kalmar kaya fiye da na da. 'Yan jarida da masu fassara suna kiran fetur makamashi, suna kiran lantarki makamashi, har hasken rana da iska ma haka, alhali kuwa iska ba ta kamas da wuta, sai dai ta hura ta. Haka nan kuma kalmar wuta ta zama biyu, akwai ta murhu, akwai ta waya, wadda akan ce an kawo ko an ɗauke. Wannan faɗaɗa ma'ana ba aibu ba ne, don haka kowane harshe mai rai yake yi. Amma lalle malami ya lura da ita, ya raba wa almajiransa abu uku. Na farko shi ne abin da ƙarfi ke ɓoye a cikinsa, kamar itace ko fetur, shi ne makamashi. Na biyu shi ne ƙarfin kansa, wanda ke tafasa ruwa ko ya tura mota, ana iya kiransa ƙarfin aiki. Na uku shi ne saurin da ƙarfin nan yake fita, wanda ake aunawa da wat. Kara da kututturen ƙirya duka makamashi ne, amma kara yakan ba da nasa ƙarfi nan da nan ya mutu, ƙirya kuwa ta kwana tana ci. Yaron da ya taɓa kwana a bakin wuta da hunturu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Sauran kalmomin fannin kuma kowace tana ɗauke da tarihinta. Fitila daga Larabci ta zo, inda take nufin lagwani. Kananzir da fetur da kwal da lantarki da kurfoti daga Turancin Ingilishi suke, risho kuwa daga Faransanci. Gawayi da murhu da ƙyastu da zugazugi na gida ne. Kadan malami ya jera waɗannan a allo, ya sa yara su ware na gida da baƙi, za su ga da idonsu wane makamashi kakanninsu suka sani, wane ne kuma ya zo daga baya. Ya kamata kuma ya karɓi lafazin ƙasar yadda yake. Yaron Zurmi da ya ce icce ko hitila bai yi kuskure ba, Hausar Zamfara ce ya yi, kuma in aka gwale shi a kan lafazi sai ya rufe bakinsa a kan ilmin da ya zo da shi daga gida.

Ba yau aka fara bayyana kimiyya da Hausa ba. Tun kafin mulkin kai Dokta R. M. East da Malam Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, inda suka yi bayanin halittu da al'amuran duniya cikin Hausa mai sauƙi. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa a ajujuwan farko na firamare. Ko da wane harshe za a rubuta jarrabawa, yaron Shinkafi da Hausa yake tunani, ta nan kuwa ilmi zai fi saurin shiga.

Tushen makamashi

Abin da ya kamata a fara dasa wa yaro a zuciya shi ne, kusan duk ƙarfin da mutane ke aiki da shi daga rana ya fito. Tsakaninta da duniya wajen kilomita miliyan 150 ne, haskenta kuwa yakan iso cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Ganyen gero yakan karɓi hasken nan, ya haɗa shi da ruwa da iskar da mutane ke fitarwa in sun yi numfashi, ya gina kara da zangarniya. Mutum ya ci tuwon geron ya sami ƙarfin yin huɗa, jaki ya ci karan ya sami ƙarfin ɗaukar mangala, abin da ya rage na kara a sa a murhu ya ba da zafi. Zafin rana ne kuma ke ɗaga ruwa daga teku ya zama girgije, ya sauko ya cika gulbin Gagare da na Bunsuru. Shi ne ke sa wani wuri ya fi wani zafi har iska ta taso. Ko kwal da fetur ma ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu waɗanda suka sha rana a zamanin da, ƙasa ta binne su shekaru miliyoyi.

Masana kimiyya sun tabbatar cewa ƙarfin aiki ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sake kama. Maƙeri misali ne mai kyau. Tuwon da ya ci ya zama motsin hannu a kan zugazugi, gawayi ya zama zafi, zafi ya tausasa ƙarfe. Amma a kowane juyi wani kashi yakan tsere ya bi iska, ba a kuma iya tattaro shi. Wannan tserewa ita ce asalin maganar tattali.

Na randa da na rijiya

Makamashi iri biyu ne, kuma babu misalin da ya fi dacewa da su kamar randa da rijiya. Ruwan randa in an ɗiba ya ragu ke nan, ba ya ƙaruwa da kansa. Haka kwal da fetur da kananzir da gas na ƙarƙashin ƙasa suke. Rijiya kuwa in an ɗiba da safe, kafin la'asar ta sake kawowa. Haka hasken rana da iska da ruwan gulbi suke. Itace yana cikin na rijiya, amma da sharaɗi, domin rijiyar da guga ya fi ƙarfin idonta ƙafewa take yi. Itacen da aka sare cikin sa'a ɗaya, wani sai ya shekara 20 bai mayar da kamarsa ba.

Ƙauran Namoda tana da tarihin na randa a ƙofar gidanta. An gano kwal a ƙasar Udi kusa da Inugu a 1909, aka fara haƙarsa a 1916. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura a 1929, nan kuwa ta tsaya. Jiragen farko da kwal suke tafiya, ana ƙona shi ya tafasa ruwa, tururi ya tura ƙafafu, su kwashi gyaɗa da auduga da fatu su yi kudu. Daga baya masu shan man dizal suka karɓe su. Shi man fetur an same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, aka buɗe matatar Kaduna a 1980. Malamin da ya kai yara tsohuwar tashar jirgi ya nuna musu dogo, ya ba su wannan labari, ya koyar da tarihi da kimiyya a tafiya ɗaya.

Wutar lantarkin da ke zuwa ta waya kuwa daga nesa take. Wata daga madatsun ruwa take fitowa, kamar Kainji da aka gama a 1968, da Jebba, da Shiroro ta 1990, amma mafi yawa daga tashoshin kudu masu ƙona gas. Garuruwan arewacin Zamfara suna can ƙarshen waya, ƙauyuka da yawa kuwa ko turke ba a kafa musu ba. Saboda haka mai injin niƙa da mai walda da mai sayar da ruwan sanyi duk suka dogara ga janareta. Ran 29 ga watan Mayu 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin fetur, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuɗin niƙa da na mota da na ban ruwa duk suka bi shi.

Halin dajin ƙasar

Duk da haka, abin da ke dafa abincin mafi yawan gidaje har yanzu itace ne da kara da gawayi. Damina a wannan yanki gajeriya ce, wata huɗu ne ko abin da ya yi kusa, daga Yuni zuwa Satumba. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 ya kashe itatuwa da yawa, mutane kuwa sai ƙaruwa suke yi, gonaki suna cin daji. Dattawa suna iya lissafa wuraren da a da ake samun marke da ƙirya a bayan gari, yau sai sabara da geza da kalgo. Inda itace ya ƙare, sai a koma kan kara da kandilo, waɗanda da gona za su ruɓe su zama taki. Watau murhu ya shiga cin abincin gona, gona kuwa in ta rame rumbu ne ke ji.

A kan wannan kuma sai ga rashin zaman lafiya wanda ya addabi ƙasar tun wajen 2011. Dazuzzuka irin na Dumburum a ƙasar Zurmi sun zama maɓoyar 'yan bindiga, shiga daji neman itace ya zama sayar da rai. Wannan ya sa sara ya taru a kan 'yan itatuwan da ke kusa da gari, har da masu 'ya'ya irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, waɗanda a da ba a taɓa su. Garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira murhunsu ya ƙaru, dajinsu bai ƙaru ba. A 2021 kuma, sa'ad da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta hana sayar da fetur a jarka don ta toshe wa ɓarayin daji hanya, mutanen ƙauye suka ɗanɗana abin da ke samun wanda duk ƙarfin aikinsa a mota ake kawo masa daga wata ƙasa.

Akwai kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa. Hayaƙin janareta ya fi wannan mugunta, domin akwai wata iska a cikinsa marar launi marar wari, wadda kan kashe mutanen ɗaki suna barci. Yaron da ya koyi cewa ba a kwana da janareta ko kurfoti mai wuta a ɗaki rufe, ya koyi abin da zai iya ceton gidansu.

Tattali

Hausawa sun ce tattali ya fi nema wuya. Murhun duwatsu uku, in an hura shi a fili, abin da ke shiga tukunya na zafinsa bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura duk iska ke kwashewa. In aka kewaye murhun da laka aka bar ƙofa ɗaya ta itace, aka daidaita bakinsa da gindin tukunya, itacen da ake ci yakan ragu ƙwarai, hayaƙi ma haka. Rufe tukunya da murfi, da jiƙa wake kafin a ɗora, da busar da itace sosai a faskara shi ƙanana, da zare ragowar itace a kashe da ƙasa in an sauke, duk ba su cin ko kwabo. Gawayi yana da tsabta a gari, amma a daji yake ɓarna, domin yadda ake ƙona shi a rami, sai an ci kilo 5 na itace ko fiye kafin a sami kilo 1.

A wajen lantarki ma haka ne. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ya yi sa'a 5 kowane dare, a wata ya sha wat 9,000 na sa'a, watau ma'auni 9 a mita. Sabon ƙwai mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da shi, amma abin da zai sha a watan bai kai ma'auni ɗaya da rabi ba. Wannan lissafi ɗan aji biyar yana iya yinsa a allo.

Tattalin daji kuma yana da dabarar da ta fi dashe sauƙi. Manoman ƙasar Maraɗi, maƙwabtan Shinkafi da Zurmi ta arewa, sun ɗauke ta tun shekarun 1980. Lokacin sassabe, maimakon a ƙone kowane kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a bar shi, a datse sauran. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, sai itacen ya tashi da sauri. Da haka aka mayar da itatuwa a gonaki masu faɗin kadada miliyoyi a Jamhuriyar Nijar. Gawo ya fi kowane dacewa da wannan, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi abinci. Zamfara tana cikin jihohin Nijeriya 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Waɗanda za su maye gurbi

Babbar dukiyar wannan ƙasa ita ce ranar da ake kuka da ita a watan Afrilu. Da tsakar rana in sama ta yi garau, kowace murabba'in mita tana karɓar wajen wat 1,000. An fara ƙera farantin sola mai amfani a Amurka a 1954, yana juya kashi 6 cikin 100 na hasken zuwa lantarki. Na yanzu suna juya wajen kashi 20, kuɗinsu kuma ya faɗi ƙwarai. Faranti mai wat 300, in ya sami sa'a 5 na rana mai ƙarfi, zai ba da kusan ma'auni ɗaya da rabi, abin da ya isa fitilu da fanka da cajin waya. Famfon sola yana iya jawo ruwan rijiyar burtsatse, ko ya yi ban ruwa a fadamun Gagare da Bunsuru, inda a da jigo ne, daga baya injin fetur. A asibitin ƙauye yana riƙe firjin allurar rigakafi. Manyan misalai kuma ba su da nisa, akwai tashar Malbaza a Nijar mai megawat 7 ta 2018, da ta Kumbotso a Kano mai megawat 10 ta 2023.

Amma fa kada malami ya ɓoye wa yara aibinsa. Da dare ba ya aiki sai da batir, batir kuwa yana da tsada, yana kuma mutuwa. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi in ba a share shi. Yawancin tsofaffin batura dalma ce a cikinsu, mutanen Zamfara kuwa sun san sharrin dalma tun 2010, sa'ad da gubarta ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta hanyar dakan duwatsun zinariya. Mataccen batir ba a fasa shi a gida, ba a kuma barin yara su yi wasa da shi.

Iska ma ana samun lantarki da ita, kamar yadda aka kafa injuna 37 a Lambar Rimi ta Jihar Katsina don su ba da megawat 10. Aikin nan ya ɗauki shekaru fiye da goma, abin da ke nuna cewa kafa inji wani abu ne, riƙonsa kuma wani abu ne dabam. Kashin shanu kuwa, in aka dama shi da ruwa aka rufe a rami inda iska ba ta shiga, yakan fitar da gas mai kamawa wanda ake girki da shi, ragowar kuma ta zama taki, ta haka gona ba ta yi asara ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gwada irin waɗannan, tare da murhu mai tattali da akwatin busar da kayan lambu da rana.

Yadda za a koyar

Gani ya kori ji. Malami ya kawo kwano biyu, baƙi da fari, ya zuba musu ruwa daidai wa daida, ya ajiye a rana, bayan sa'a ɗaya yara su tsoma yatsa. Wata rana a gina murhu biyu a bayan aji, na duwatsu uku da na laka, a auna itace daidai, a ɗora tukwane iri ɗaya, a ga wanda ya riga tafasa da wanda ya bar saura. A sa kowane yaro ya ƙidaya daurin itacen da gidansu ke ci a mako da kuɗinsa, a tara na aji duka, a ninka da 52. A aike su wurin kakanninsu su rubuto sunayen itatuwan da suka ɓace daga bayan gari, wannan kuwa aikin Hausa ne da na kimiyya gaba ɗaya. Kowane aji ya riƙi 'yan itatuwa a filin makaranta, da sunan wanda zai ba su ruwa har su wuce rani biyu.

Lalle a sa 'yan mata gaba a wannan darasi, don su ne za su zauna a gindin murhu, su ne kuma suka fi kowa sanin wane itace ke hayaƙi, wane ke ci. Makarantun allo da na Islamiyya su ma suna da rabo, tun da addini ya hana almubazzaranci ya kuma kwaɗaitar da dasa itace, almajirai kuwa da wutar kara suka saba karatun dare. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ta fi cancanta ta horar da samarin da za su iya haɗa sola su gyara ta, domin famfon da ya lalace aka rasa mai gyara ba shi da bambanci da rijiyar da ta rufta.

Kammalawa

Yaron da ke aji shida yau, nan da shekara 15 shi ne maigida, ita ce uwargida. Su ne za su yanke shawarar ko a sare gawon gona ko a bar shi, ko a sayi janareta ko faranti, ko a gina murhun laka ko a zauna a kan na da. Kadan an koya musu abin da Hausar da suke ji, da kwano da tukunya da itacen da suka sani, to, akwai kyakkyawan zato za su zaɓi abin da zai bar wa na bayansu inuwa da itacen girki. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba ƙasar zaman lafiya, ya sa malamai da almajiransu su dace.